Sauran Tumbin Malam Jalo

Azare, 3 ga Oktoba

Malam Jalo,

Gaisuwa mai yawa. Ya gona, ya su Hajiya Kaltum? Na ba direba takardar nan ne don a waya ba ka da magana sai "lafiya lau", ka kashe.

Ka tuna shekara ashirin da biyu da suka wuce, gadona kusa da naka, aka yanke mana rabin tumbi a mako guda saboda olsa. Muka fito muna cewa mun rabu da ciwo. To, ba mu rabu ba. Tun bazara nake ramewa, na ɗauka halin cikinmu ne, tunda dama loma kaɗan muke ci. Da aka zura mini bututu mai kyamara ta baki, sai aka ga ciwon daji, wato kansa, a sauran tumbin. Sun cire tumbin gaba ɗaya.

Likita ya ce duk wanda aka yi wa irin aikinmu, in shekaru suka yi nisa, ya kamata a leƙa cikinsa ko ba ya jin komai. Na ba shi sunanka. Ka shigo Azare.

Abokinka,
Hyacinth

Bulkachuwa, 9 ga Oktoba

Oga Hyacinth,

Bayan gaisuwa da jaje. Raina ya ɓaci da jin labarinka, Allah ya ba ka lafiya. Amma kai dama ba ka ji, barkono da lemon kwalba ka mayar abinci. Ni fura ce da tuwo. Yanzu muna roron wake, ba zan bar shi tsuntsu da awaki su raba ba don a zura mini tiyo a maƙogwaro. Tambayi Kaltum, kwanona kullum tas yake komawa cikin gida.

Ka gaida madam.
Jalo

Azare, 12 ga Oktoba

Malam Jalo,

Ina gaisuwa, amma haushinka nake ji. Ni da nake kwance da ɗinki nake roƙonka, kai kana ba ni labarin wake. Likitan ya tambaye ni kai har sau biyu. Tunda kai ba ka ji, na kira 'yarka Juwairiyya da ke aure a nan Azare na gaya mata komai. In ka so ka yi fushi.

Hyacinth

Bulkachuwa, 20 ga Oktoba

Baba Hyacinth,

Ina gaishe ka da jiki, da fatan sauƙi na samuwa. Kwanana biyar a gida, kuma wallahi na gaji.

Inna ta rantse mini yana cinye abincinsa. Gaskiyarta, kwanon wayam yake dawowa. Sai dai ka san a ƙofar gida suke ciyayya, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare. Na je na durƙusa gaban maƙwabcinmu Malam Gali na tambaye shi. Ya yi ta kauce-kauce, daga baya ya ce wata uku ke nan Baba loma biyu yake yi ya janye hannu, su su ƙarasa. Wani lokaci ya zagaya bayan katanga ya amayar. Na ce me ya hana su faɗa? Ya ce, "'Yata, ana ƙirga wa dattijo loma?"

Mutum shida suna kallonsa kullum, kunya ta rufe musu baki. Na yi wa Baba magana, ya ce tun yaushe 'ya take leƙa kwanon ubanta. Na yi kuka, ya tashi ya tafi gona. Rigunansa duk sun yi masa yawa. Don Allah ka sake rubuto masa, ni na rasa yadda zan yi.

'Yarka,
Juwairiyya

Bulkachuwa, 22 ga Oktoba

Hyacinth,

Ina gaisuwa. Kada ka wahal da hannunka, na san abin da yarinyar nan ta rubuta maka, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ka gaya wa likitanka ina tafe ranar Litinin.

Ba tiyon nake tsoro ba. Ɗan tumbin da suka bar mini nake tsoron a cire, na lallaɓa shi shekara ashirin da biyu. Kafin Litinin ka rubuto mini gaskiya, ban da lallashi: kai da ba ka da ko kaɗan yanzu, yaya kake ci?

Naka,
Jalo