Wuƙar da Na Ƙera Ta Kunyata Ni a Gaban Surukina

Assalamu alaikum Malam. Don girman Allah ka karanta takardata har ƙarshe ka ba ni shawara, tun ban aikata abin da zuciyata ke raya mini ba. Ka sakaya sunana.

Ni mutumin Jandutsi ne ta ƙasar Jega. Ban gaji ƙira ba, gidanmu manoma ne. Kabu-kabu nake yi tsakanin Jega da Aliero, har na yi hatsarin da ya raba ni da mashin. Ina zaman jinya na riƙa kallon bidiyo a waya, inda ake ɗaukar tsohuwar ƙusar layin dogo, irin mai ƙaton kan nan, a gasa ta, a buɗe bakinta ya zama wuƙa, a murɗe sauran ya zama mariƙi. Abin ya shiga raina. Da na miƙe sai na je wurin wani dattijon maƙeri a Jega, Baba Tukur, na roƙe shi ya koya mini, ya karɓe ni. Na yi masa zuga, na yi dakon gawayi, hannuwana duk tabon ƙuna ne.

Mu nan jirgin ƙasa bai taɓa ratsa mu ba, amma Baba yana da buhun ƙusoshin nan a bayan rumfa, ya ce tun yana saurayi ya saye su hannun 'yan gwangwan. Shi kansa abin da yake dukan ƙarfe a kai guntun layin dogo ne. Da na nuna masa bidiyon na ce ina son gwadawa, murmushi kawai ya yi ya ce in ɗiba.

Na ɓata da yawa kafin ɗaya ta fito yadda nake so. Malam, da ka ga wuƙar nan! Mariƙinta a murɗe kamar igiya, bakinta yana ɗaukar ido. Na kai wa Baba, ya jujjuya ta, ya miƙo mini ya ce Allah ya yi albarka. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da Babbar Sallah ta zo, surukina a Maiyama ya sayi sa, sai na kai masa wuƙar kyauta. Ya ji daɗi, ya ce da ita zai yanka don maƙwabta su ga aikin mijin 'yarsa. Aka kayar da sa, jama'a suka taru, ya yi bisimilla ya ɗora. Tana shiga fata sai bakinta ya naɗe. Ya ja, ya sake ja, dabba tana fizge-fizge tana gurnani, sai da wani mahauci mai suna Habibullahi ya yi maza ya zaro tasa ya ƙarasa. Surukina ya ajiye wuƙata a ƙasa ya shige gida. Tun daga ranar ban sake taka Maiyama ba. Matata Shafa'atu kuwa, yanzu "matar mai wuƙar dalma" ake kiran ta a gidajen biki.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya kasa wuce mini shi ne ranar kasuwar Jega. Wuƙar ta bi hannu ta iso wurin Baba, ya ɗaga ta a gaban mahauta, ina tsaye, ya ce: "Tun rad da yag gwada min ita nis san ba ta yanka. Ƙusar jirgi ƙarhe na mai tabshi. Na bar shi shi gane ƙira ba ga waya aka koyon ta ba." Aka fashe da dariya.

Ashe ya sani! Kalma ɗaya daga bakinsa da ta rufa mini asiri.

Na ji a rediyo ana kama masu ajiye ƙarfen layin dogo. So nake in kai ƙararsa a matsayin mai sayen kayan ɓarayi. Na san ƙusoshin tsofaffi ne, amma ya je can ya yi bayani. Burina in ga an ratso da shi ta layin mahautan nan da ankwa a hannu, su yi dariyar da suka iya. Ko a sallah abin ke faɗo mini. Malam, in na rama, na yi laifi?

Sabon Maƙeri, Jandutsi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An ɓata maka, ban musa ba. Malamin da ya ga aibi a aikin ɗalibinsa ya yi shiru bai kyauta ba, kuma tozarta ka a kasuwa ya fi shirun muni.

Sai dai ka duba ɗaya ɓangaren. Ka gaya masa cewa da ita za a yanka sa? Ka tambaye shi ko ƙarfen zai riƙe kaifi? Ka gwada ta a kan ko da busasshiyar fata kafin ka kai Maiyama? Kyawunta ya ɗauke maka hankali, kuma wannan kuskuren kowane sabon hannu ne.

Batun ƙara kuwa, ka ajiye shi yau. Da bakinka ka ce ka san ƙusoshin tsofaffi ne, to abin da kake shiryawa ƙazafi ne, ba ramuwa ba. Dattijon nan yana da iyali, kuma shi ya buɗe maka maƙerarsa alhali ba ka gada ba. Kada ka manta kai ma daga buhun ka ɗiba, tambayar farko da za a yi masa sunanka zai fito. Bayan haka babu maƙerin da zai sake bari ka zauna kusa da wutarsa.

Ka fara da Maiyama. Ka je ka durƙusa ka ba surukinka haƙuri, ina kyautata zaton kunyar da ya ji dominka ce ta hana shi magana. Zuwanka zai sauke wa Shafa'atu nauyi. Sannan ka sami babba a cikin maƙeran Jega ya zaunar da kai da Baba Tukur, ka faɗa masa cikin ladabi inda ya ƙona maka rai. In ya gyara, ka ci gaba da koyo. In ya ƙi, ba shi kaɗai ne maƙeri a Kabi ba.

A kan ƙarfen kam gaskiya ya faɗa. Ƙusar ta dace da koyon hannu da ƙananan wuƙaƙe, irin na yanke ganyen albasa, kuma manoman albasa na Aliero suna kusa da kai. Wuƙar yanka kuwa tsohon sifirin mota za ka nema. Kada ka sayi ƙusa hannun wanda ba ka san inda ya samo ta ba.

Mutumin da ya tashi daga jinya ya koyi sana'ar da ba ta gidansu ba, bai kamata a san shi da sharri ba. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya sa albarka a hannunka.