Hannun Depite Hashimu

Talata, 3 ga Nuwamba

Na dawo daga ruga. Sun gama ja wa tabki waya. Duk gefen da burtali ke sauka an rufe shi, an yanka wurin fegi-fegi an raba wa masu lambun albasa. Shanunmu suka zo suka tsaya suna kallon ruwa ta cikin waya. Yanzu sai rijiyar bayan dutse, tafiyar da ke cinye wuni.

Yayana Hamma Jaje ya ce zai yanke wayar. Baffa, mahaifinmu, ya tara samari, ya sa suka yi alkawarin ba mai taɓa ta sai bayan zaɓe, don Depite Alhaji Hashimu, ɗan majalisarmu, ya zo makon jiya, ya sha nono a ƙwarya, ya gaida tsofaffi da Fillanci, ya ce a bar masa maganar.

Da zan taho Baffa ya raka ni har bakin hanya. Ya ce, "Wasila, ke ɗai kika yi lakwal cikinmu, kika san boko. Ki gano mana, mutumin nan namu ne ko ba namu ba. Abin da kika ce shi zan gaya wa jama'a."

Ni da aikina yi wa dabbobi allura. Ina na san hanyar gane zuciyar depite?

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Na tambayi mijina, Baban Nabila, da ya dawo da motar siminti daga Malbaza. Bai ko gama wanke hannu ba ya ce, "Hashimu ai mutumin kirki ne. Ba don shi ba, da tsohona bai samu fegi ba."

Na manta, ko na so in manta. Surukina na cikin waɗanda aka ba lambu a bakin tabkin.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Na je wurin Ummul-Khairi. Tare muka yi koleji. Ta yi shekaru a Yamai tana ɗauko wa wata radiyo labarin majalisa kafin ciwon mahaifiyarta ya maido ta Konni. Na faɗa mata aikin da aka ɗora mini, ta yi dariya.

Ta ce kar in saurari bakinsa, kar in tambayi masu yabonsa ko masu zaginsa. In an zo doka, shugaban majalisa kan ce wa ya yarda, wa bai yarda ba, wa ya ƙaurace, kowa ya ɗaga hannu gaban kamara. "Hannun za ki duba. Shi ne ba ya iya cewa ba haka nake nufi ba."

Tana da bidiyon zaman da yawa a tsohuwar na'urarta. Ta ce in riƙa zuwa bayan na tashi daga aiki.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Idona har yaji yake. Mutane birjik cikin manyan riguna, sai an tsayar da hoton an matso kafin in gane shi. Layi na uku yake zama, kusa da ginshiƙi. Hula doguwa.

Dokar da ta ba da izinin raba fadamu don noman rani, ya ɗaga hannu, har da miƙewa kaɗan.

Kuɗin rigakafin dabbobi da dusa mai rahusa, ya ɗaga. Wannan na san amfaninta, da hannuna na yi allurar.

Ƙarin haraji a kasuwar dabbobi, ya ɗaga. Amma kowa na ɓangarensu ya ɗaga, kamar igiya ɗaya ke jansu.

Na ce wa Ummu to wannan mi ke nan? Ya ba mu, ya ƙwace mana. Ta ce saura ɗaya, ita ce babba, sai ta nemo.

Litinin, 16 ga Nuwamba

Inna ta aiko a gaya mini nono ya ragu. Ba ta zuwa kasuwar Badaguishiri, ba abin kaiwa.

Juma'a, 20 ga Nuwamba

Ta samo. Wani depite ne ya kawo gyara cewa ba za a ja wa kowane tabki waya ba sai an bar wa dabbobi hanyar sauka. Da wannan ta wuce, da ba mu cikin halin da muke ciki. An yi ta gardama har murya na dushewa. Aka ce a ɗaga hannu.

Kujerarsa ba kowa.

Na ce ta maida baya. Da safen ranar yana nan, ga shi yana magana da na kusa da shi. Lokacin ƙuri'a ba shi. Gyaran ya faɗi.

Na ce ko ba shi da lafiya ne. Ummu ta ce mai yiwuwa. Ta ce akwai mai fita don ba ya so ya saɓa wa jam'iyya, akwai mai fita don ba ya so mutanen garinsu su ga ya bi jam'iyya, akwai wanda fitsari ne kawai ya kama shi. Kamara ba ta bin mutum waje.

Da ya ɗaga hannun ƙi, da na huta, in je in ce wa Baffa ba namu ba ne.

Asabar, 28 ga Nuwamba

Saniyar Inna, jar nan mai ciki, ta faɗi a hanyar rijiya. Ta zubar da ɗan. Na je na yi abin da zan iya, da la'asar Baffa ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwaryar da take tatsarta da ita ta kife bayan ɗaki.

Hamma Jaje bai ce mini komai ba sai, "Har yanzu kina kallon tele?"

Laraba, 2 ga Disamba

Na je gidan Depite. Ban gaya wa kowa ba.

Zaure cike, kowa da buƙatarsa. Na zauna cikin mata har bayan azahar. Da aka shigar da ni na ce ni ɗiyar Arɗo Jibo ce, ya faɗaɗa fuska, ya tambayi lafiyar Baffa da ta shanu. Na ce shanu ba lafiya. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka yi ƙuri'ar hanyar dabbobi, ina kake?"

Ya kori yaransa waje. Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai ce ba shi da lafiya, har na shirya yarda.

Ya ce, "Ɗiyata, ina cikin mota a bakin majalisa. An ce mana duka mu ƙi. Ban iya ɗaga hannun ƙi ba, na san mutanenku. Ban iya ɗaga na yarda ba, da yau sunana ba ya cikin jerin jam'iyya. Da wurin wa za ki zo yanzu?"

Na ce to in ya koma, aka sake kawo ta fa?

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Na ce ba addu'a nake tambaya ba. Ban san inda na samu bakin ba. Bai yi fushi ba, ya ce masu lambu ma nasa ne, kuma sun fi mu yawa, kuma su suna nan ranar ƙuri'a, mu rabinmu na daji. Ya sa a ba ni kuɗin kabu-kabu. Na ce na gode, da ƙafa na zo.

Abin da ya fi ci mini rai, bai yi mini ƙarya ba.

Litinin, 7 ga Disamba

An buɗe kamfen. Na je na saurari ɗayan, Kamalu, wanda samari ke bi. Ya ce ranar da ya shiga majalisa zai tumɓuke kowace waya. A Badaguishiri kuma an ce ya yi wa masu lambu alkawarin injin ban ruwa da ƙarin fegi. Shi bai taɓa zama kujera ba, ba hannun da zan duba. Ummu ta ce wanda bai taɓa ɗaukar kaya ba, ba a san gammonsa ba.

Laraba, 9 ga Disamba

Mun yi faɗa da Baban Nabila. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce tsohonsa shekara nawa yana noman geron da ba ya kai su watan azumi, bana ne kawai ya ga abin da zai riƙe gida. "Kina so a buɗe, shanu su tattake masa?" Na ce hanya kawai muke so, faɗin da shanu biyu za su wuce. Ya ce an san shanu da tsayawa inda aka ce?

Nabila ta tsaya bakin ƙofa tana kallonmu. Muka bar maganar.

Ba ƙarya ya faɗa ba, shi ma.

Juma'a, 11 ga Disamba

Hamma Jaje ya yanke wayar. Shanu sun sha, sun tattake fegi da dama, har da na surukina. An fasa wa wani mai lambu kai. Jandarma sun tafi da Hamma.

Ya Allah.

Lahadi, 13 ga Disamba

Yau ake zaɓen kansiloli, ko fita ban yi ba. Na kai wa Hamma fura, ba a bari na gan shi ba. Surukata ta aiko a ce kar in zo gidansu yanzu, sai zuciya ta kwanta. Baffa ya zo Konni, ya zauna a inuwar bango daura da jandarmari tun safe, sandarsa a cinya. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba.

Talata, 15 ga Disamba

An saki Hamma. Depite ne ya shiga tsakani, ya tara masu lambu ya ba su haƙuri, ya ɗauki nauyin ɓarnar da maganin mai rauni. An gyara wayar a ranar, an ƙara mata layi.

Juma'a, 18 ga Disamba

Bayan masallaci Baffa ya tara dattawa ƙarƙashin gawo, aka shimfiɗa mini tabarma gefe. Tun a mota nake tunanin in taƙaita. In ce ya yi mana rigakafi, ya fitar da Hamma, shi ke nan. Kowa zai ji daɗi.

Na faɗi duka. Fadamu, allura, haraji, kujerar da ba kowa, da abin da ya gaya mini da bakinsa.

Wani tsoho ya ce, "Yanzu dai namu ne ko ba namu ba?"

Na ce, "Baffa, in ɗayanmu ya shiga hannu zai fitar da shi. In ana yanke abin da zai kai mu hannun, ba za a same shi a wurin ba. Iyakar abin da na gani ke nan."

Bappa Mumuni, ƙanen Baffa, ya ce mutumin da ya buɗe wa ɗanka ƙofar kaso ba a juya masa baya da sati biyu. Aka ce haka ne. Baffa ya ce shi za a yi. Bai dube ni ba lokacin da yake faɗa.

Da aka watse Hamma Jaje ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya rame. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa. Amma ni zan yi masa, ba ni da fuskar ƙi." Ya ce bayan zaɓe zai kora rabin shanu ya yi kudu, ba ya iya kallonsu haka.

Wata guda da rabi ina ƙure ido, ga abin da ya haifar.

Lahadi, 27 ga Disamba

Na shiga ɗakin ƙuri'a, na daɗe har aka ƙwanƙwasa. Ba zan rubuta abin da na yi ba.

Asabar, 9 ga Janairu

Hashimu ya koma majalisa. Kamalu bai samu ba. Hamma ya tafi da asuba shekaranjiya, da matarsa da yara. Inna ta ce ruga ta zama kamar an yi mutuwa.

Talata, 16 ga Fabrairu

Albasar surukina ta yi kyau. Ya aiko mana da buhu. Na dafa, na ci.

Alhamis, 10 ga Yuni

Watanni ban taɓa littafin nan ba, ba abin rubutawa sai ramar shanu.

Ummu ce ta ce sababbin kansilolin kwamin, ƙaramar hukumarmu, za su zauna yau, kuma an sa maganar hanyar tabki a ciki, kuma kowa na iya shiga ya saurara. Na ce ba ni zuwa, na gaji da kallon hannuwa. Da safe sai ga ni a tasha. Na biya ruga na ɗauko Inna da Bappa Mumuni, shi yana ta mita wai ɓata lokaci ne.

Ɗaki ƙarami, benci a baya, mu kaɗai ne baƙi. Suka yi ta waiwayenmu. Da aka zo ƙuri'a, wani kansila da na sani, na sha yi wa awakinsa allura, ya tattara rigarsa zai fita. Inna ta gaishe shi da sunansa, da ƙarfi, ta tambayi mutanen gida. Ya amsa, ya tsaya, ya koma ya zauna. Ya ɗaga hannun yarda, ƙasa-ƙasa, ko kafaɗa bai wuce ba.

Ba ta wuce ba. An ce a sake dubawa bayan damina. Ba a buɗe komai ba, Hamma bai dawo ba, kuma ban ga dalilin murna ba.

A mota Bappa Mumuni ya yi ta lissafa wa Inna wa ya ɗaga, wa ya sunkuyar da kai, ɗan wane ne, wace unguwa. Ya ce zama na gaba a gaya masa da wuri, zai zo da mutane.

Ban ce masa to ba. Na dai riga na tambayi sakatare ranar zaman tun kafin mu fito.