Harafi Biyu a Bakin Baba

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Anti Hadiza da yara, ya sanyin Ingila? Mu nan Mabera muna nan, alhamdu lillahi. Inna na gaishe ka.

An sallamo Baba daga asibiti. Hannun dama ba ya motsi, magana kuma ta ƙi fita. Ni ke ba shi kunu, in goge mishi baki, in kwashe kwano. Har yanzu ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Ka san dokarshi tun yana koyar da Turanci: a rubutun hukuma ba a gutsure sunan ƙasa. Ranar da ka sa UK a takardar neman makaranta, yaga ta ya yi, ya ce ƙasa ba abokiyar wasanka ba ce, ka rubuta United Kingdom cikakke.

Jiya likita ya zo gida yana gwada shi. Ya ce, "Malam, ina babban ɗanka yake?" Baba ya daɗe yana fama da leɓe, sannan ya ce, "UK." Likita ya yi murna, wai an samu ci gaba. Baba ya juya fuska bango. Ni kuwa na ci gaba da fifita kunu.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa. In za ka zo, Yaya, ka zo yanzu. Iyakar abin da bakinshi ke iya ɗauka ke nan.

Ƙanwarka,
Saratu