Hoton bangon Malam Isa ya zo gida

Yaya Habu, sallama daga ƙaninka Lawali. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Agadas? Mu lafiya lau.

Ran Talata da safe na tarar za a yi wa shagon shayin Malam Isa na Zango fenti. Ka tuna hoton fim ɗin nan na bangonsa, mai jarumi tsaye kan jirgin ƙasa? Ya ce, "Ɗauka in ka iya, yaro, da koko aka liƙa shi." Na ari butarsa tana tafasa, na dinga bin gefe da tururi har kokon ya saki. Ko kusurwa bai yage ba. Yana akwatinmu tare da sauran.

A gaida Zainabu, a sa mu addu'a. Sani mai kabu-kabu ne ya riƙe mini butar.