Teburin Ƙwallon da Ka Bar Mini a Falo

Baban Hanif,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai wasiƙa inda kake. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi in bari a tashi wasa.

Ina takaba a gidanmu na Al Qusais a nan Dubai, ni da teburin ƙwallonka mai 'yan wasan roba a jikin sanduna. Ba na fita, shi ma ba ya fita. Ya cinye rabin falo, duk sanda zan wuce kicin sai sandunan ƙarfensa sun soke ni a kwiɓi. Abokanka na ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed sun zo gaisuwa, suna addu'a suna satar kallonsa. Wannan ɗan Nijar ɗin mai ce masa babi-fut har da shafa shi ya yi zai fita.

Ka tuna yadda kake cika baƙi da tarihinsa? Wai Turawan Ingila da na Sifen da na Faransa kowa cewa yake shi ya ƙirƙiro, kai kuwa ka ce duk a bayanku suke. Ku kuka fara a Fagge da murfin kwalbar lemo, kuna ɗalle shi da yatsa a kan siminti, ƙwallonku maɓallin riga, ragarku kwalin sukari. Daga nan kuka koma katakon da ake kafa wa ƙusoshi a buga kwabo a tsakani. Na haddace shi tas don yawan ji. Kai kuwa ajin da ɗanka yake a makaranta sai ka tambaye ni.

Ran Asabar ɗin nan kuna tsakiyar wasa da abokanka na gan ka ka dafe ƙirji, gumi na keto maka. Na ce mu tafi asibiti. Ka ce shinkafa ce ta tsaya maka, kuma ana cin ka, sai ka rama. Na yafa mayafi, na ɗauko mukullin mota, na tsaya a kanka kamar mai roƙo, abokanka na yi mini dariya. Ka rama ɗin kuwa. Ka ji daɗi? A asibiti ni likita ya tambaya me ya hana a kawo ka da wuri. Me zan ce masa? Na san kwana ne ya ƙare, ba da Allah nake jayayya ba. Da kai nake yi.

Zamanmu a nan da bizarka yake, don haka ina fita takaba Kano za mu koma. Na ce a kyautar da teburin, ba na son ganinsa. Tun daga ranar Hanif ya daina yi mini magana, abinci ma sai ya ga dama. Yana dawowa daga makaranta sai ya tsaya a gefensa, ya buga ƙwallo zuwa gefenka, ya yi tsaye yana jira. Ya faɗa wa yayanka cewa in teburin bai tafi ba, shi ma ba inda za shi. Na rasa miji, ba zan zauna ina kallo ɗa ma ya juya mini baya ba.

Jiya na kwance shi da hannuna, na naɗe sandunan da tsofaffin zannuwana. Wurin da abokanka suka ba mu a kwantenar da za ta kai kayanmu Kano ba zai ɗauki duka ba, keken ɗinkina ne zai zauna a Dubai. Kana cikin kabari ma ka ci ni.

Kafin a ɗauke ka, yayanka ya zo bakin ƙofa ya tambaye ni ko na yafe maka. Mutane na ji, na ce na yafe. Komai na yafe, wallahi, Asabar ɗin nan ce na kasa har yanzu. Kowace salla ina roƙa maka rahama, ina shafawa haushinka ya dawo.

Allah ya jiƙanka. Ni kuma ya ba ni ikon cika abin da na faɗa a gaban mutane.

Matarka,
Maman Hanif