Inna, Na Toshe wa Haidurojin Hanya Ɗaya

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, na zo miki da albishir: aikin ya fito!

Na san da kina raye cewa za ki yi, wane aikin kuma? Bari in faɗa miki. Akwai magungunan da ƙwayar sinadarinsu, wadda ido ba ya gani, ke zuwa iri biyu, kamar hannun dama da na hagu. Ɗaya ke warkarwa, ɗayan ba ya tsinana komai, wani lokacin ma cutarwa yake. Aikina a jami'a shi ne in sa iskar haidurojin ta shiga ƙwayar ta gefe ɗaya tak, don iri ɗaya ya fito. Wani ƙarfe, rodiyam, shi ke kai iskar, amma bai san dama da hagu ba sai an ƙera masa mariƙi, wato wani sinadarin da zai riƙe shi ya nuna masa hanya.

Shekara huɗu ina ƙera mariƙi, kullum rabi da rabi nake samu. Malamina ya ce in wannan zangon ya wuce haka, a rufe aikin. Na yi kuka, Inna. Na hango kaina a motar Kazaure, zan koma Roni ba digiri.

Sai na tuna cin tuwonmu. Ni bahaguwa ce, kuma ba ki taɓa dukana a kan haka ba. Zama kike yi a haguna, ki danne min hannu da gwiwarki, ki ce, “Toshe wa hagu hanya, dama za ta zo da kanta.” Haushinki nake ji a lokacin, wallahi.

Na koma na yi wa mariƙin ƙaton gefe, ya zauna ya tare hanya ɗaya. Shekaranjiya na'ura ta fitar da sakamako: kusan duka iri ɗaya. Malam ya maimaita gwajin da kansa, ya cire tabarau ya ce, “Dakta.” Na yi guɗa a ɗakin gwaji, ban ji kunyar kowa ba.

Sai dai ki yi haƙuri, Inna. A wannan maganin na hagun ne mai warkarwa, don haka dama na danne da gwiwar taki.

Allah ya jiƙan ki, ya ba ki littafinki a hannun dama.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza Bahaguwa