Saƙon da yayana kurma ya bar wa Inna

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata biyu ke nan ina yawo da wani bidiyo a wayata, na kasa gogewa, na kasa nuna wa mai shi.

Ni tela ne a tsohon garin Agadas. Ina da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara shida, ya warke amma kunne ya tafi. A gidanmu ba wanda ya koyi maganar hannu, iyaka zo, ci, tafi. Dukanci yake yi, jakunkunan fata, da baƙi suka daina zuwa gari aikin ya mutu. Kullum bayan la'asar yakan fita sai magariba, mun ɗauka yawo ne, ba mu taɓa tambaya ba.

Wata rana muna cin tuwo mu uku, na ce wa Inna nauyi ya yi mini yawa, ƙato na zaune ana ciyar da shi, gara mu tafi Tchibarakaten tare tunda haƙar zinariya ba ta buƙatar kunne. Inna ta ce, "Tafi da shi, ni ma na gaji." A gabansa muka faɗa, yana ta cin abincinsa. Haka muka saba.

Wata uku muka yi can. Shi yana cikin rami, ni ina sama ina jan guga. Akwai igiya ɗaure a ƙugunsa, mun shirya in akwai haɗari zan fizga sau uku. Ranar da gefen ramin ya soma tsagewa, na ciki suka ji ƙara suka yi ta hawowa. Igiyar tana hannuna, amma wallahi ihu na dinga yi, "Yaya! Yaya!" Ni da na tashi na san shi kurma ne. Kafin in tuna da igiyar ƙasa ta rufta. Da na dawo, na ce wa Inna ba a samu zarafin yin komai ba.

Bayan shekara biyu wata madam mai koyar da kurame ta kawo mini ɗinkin kayan teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta matsa sai na zo na gani. Na je don kunya. Kurame ne zalla a dandali, ba ka jin komai sai takun ƙafa. Suka nuna iyali suna cin abinci, bakuna na ta motsi, mutum ɗaya a tsakiya yana bin bakin kowa da ido. Sai wanda ya fito a ƙane ya rataya mitirin awo a wuya, ya tura hula baya kafin ya fara mita, yana nuna na tsakiyar da haɓa. Haka nake yi sak. Mutane na dariya, ni zufa ta jiƙa mini riga.

Da aka tashi, wanda ya fito a ƙanen ya tare ni, madam na fassara. Ya ce, "Yayanka ya tsara wasan nan. Nan yake zuwa kowace la'asar." Ya ce Yaya na karanta baki kamar takarda, kuma a cikinsu ba wanda ya kai shi ban dariya, in ya fara ba da labari har sai sun riƙe ciki. Ni da na san shi mutum mai shiru. Ashe surutu gare shi, mu ne ba mu ji. Suka ce sun zo mana ta'aziyya su biyar. Na tuna su, sun zauna a gefen tabarma, muka ba su ruwa, shi ke nan.

Sannan suka tura mini bidiyon. Ana gobe za mu tafi Yaya ya ɗauka, ya ce in bai dawo ba a kai wa Inna. Da shi suka zo ta'aziyya, ba su samu yadda za su faɗa mana ba. Madam ta fassara mini tana tsayawa tana share ido. Ya ce ya ga abin da muka faɗa a kan tuwo, bai yi fushi ba, zai tafi ne don Inna ta huta. Ya ce har yanzu yana tuna waƙar da take yi in tana daka, ita ce murya ta ƙarshe da ta rage masa. Ya so ko sau ɗaya ta zo ta gan shi a dandali. Ni kuma ya ce a riƙa haƙuri da ni, wai ina da saurin ruɗewa. Ya yi dariya da ya faɗi haka.

Tun ranar, da na tsai da keken ɗinki sai in ji igiya a tafin hannuna. Na fara zuwa wurinsu ranar Asabar ina koyon maganar hannu, sai yanzu da wanda zan yi wa ita ba ya nan.

Inna ta tsufa, tana fama da tansiyo, hawan jini. Abin da take rarrashin kanta da shi kullum shi ne, bawan Allah bai san komai ba, da farar zuciya ya tafi. Matata ta ce in goge, in bar tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta lafiya, har muka yi sa-in-sa ta kwana biyu ba ta yi mini magana. Madam kuma ta ce amanar mamaci ce, ba tawa ba ce da zan riƙe. In na nuna, Inna za ta san ya ga maganarta, kuma ban san ko zan iya kallon ta in ci gaba da ɓoye zancen igiya ba. In na ɓoye, sau ɗaya tak ya yi wa uwarsa doguwar magana a rayuwarsa, ni ne zan hana ta isa.

Ƴan uwa, musamman iyaye mata, in ke ce Inna, za ki so a nuna miki?